Gini Daban, Kaya Daban: Abin Da Ya Kamata Mai Gida Da Ɗan Haya Su Sani Game Da Inshora

A watan Satumba na shekarar 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malale babban ɓangare na birnin Maiduguri. Bayan da ruwan ya janye, sai aka tarar ɓarnar iri biyu ce. Akwai gidajen da suka rushe ko katangunsu suka zube, akwai kuma ɗimbin gidajen da suka tsaya daram, amma duk abin da ke cikinsu, tun daga katifu da kujeru har zuwa firiji, buhunan abinci da hajar 'yan kasuwa, ya lalace. Mai gidan farko ya yi asarar gini, na biyu kuwa ya yi asarar kaya, kuma a lokuta da dama asarar kayan ba ta gaza ta ginin zafi ba, musamman ga ɗan haya wanda duk abin da ya mallaka a duniya yana cikin ɗakunan nan ne.

Wannan rabuwa da ido ya gani, da ita ce kamfanonin inshora ke aiki. A wurinsu gida ba abu guda ba ne. Akwai ginin kansa, akwai kuma kayan da ginin ya kewaye, kowanne da irin tasa yarjejeniya, da nasa farashi, da nasa sharuɗɗa. Mutumin da ya yi wa gini inshora ya ɗauka ya gama, ranar da tsautsayi ya auku zai iya tarar da cewa za a gyara masa rufi da bango, amma ba za a biya shi ko cokali ɗaya ba. Haka kuma ɗan hayan da ya saki jiki don ya ji an ce mai gida na da inshora, zai iya wayar gari da tufafin jikinsa kawai.

Asalin rabuwar

Bambancin ba sabon abu ba ne, tare da sana'ar ya taso. A watan Satumba na 1666 wata gagarumar gobara ta yi kwanaki huɗu tana cin birnin Landan, ta ƙone gidaje fiye da 13,000. A cikin shekarun da suka biyo baya ne aka fara kafa ofisoshin inshorar gobara a birnin, kuma na farkonsu shi ne wanda wani likita kuma magini mai suna Nicholas Barbon ya kafa wajajen 1680. Gine-gine kawai waɗannan ofisoshi na farko ke karɓa, har ma suna sa wa gidan katako ninkin kuɗin da suke sa wa gidan tubali. Sai daga baya aka sami kamfanoni irin su Sun Fire Office, wanda aka kafa a 1710, suka riƙa karɓar inshorar kayayyaki da hajar 'yan kasuwa.

Dalilin jinkirin a fili yake. Gini na nan wuri guda, kowa na ganinsa, ana iya auna shi a san abin da zai ci. Kaya kuwa yau suna nan, gobe an ƙara, jibi an rage. Ɓarawo na iya ɗauka, mai su na iya ɓoyewa ya ce sun ƙone. Don haka tun farko aka tsananta sharuɗɗan inshorar kaya fiye da na gini. Wannan tsari ne Nijeriya ta gada ta hannun kamfanonin Ingila, irin su Royal Exchange Assurance da ya buɗe reshe a Legas a 1921, kuma a kansa kamfanonin cikin gida suka ɗora har zuwa yau. A kasuwar inshora ta ƙasar nan akwai takarda ta musamman ga wanda ya mallaki gida, da wata ga wanda ke zaune a ciki, sannan akwai wadda ta haɗa biyun ga mutumin da ke zaune a gidan kansa. Amma ko a wannan ta haɗakar, gini da kaya kowanne na da sashensa da adadin kuɗinsa, kuma ba a ɗebo daga wannan sashe a cike giɓin wancan.

Me ake nufi da gini?

A harshen inshora, gini ya ƙunshi harsashi, bango, daɓe, rufi, silin, ƙofofi da tagogi, da duk wani abu da aka kafe a jikinsa don ya dawwama. Wayoyin lantarki da ke cikin bango, bututun ruwa, kwamin wanka, masai na zamani, tayil da aka shimfiɗa, da kabad ɗin da aka gina a jikin bango, duk gini ne. Kazalika, yawancin takardu kan haɗa da ɗakunan waje, kamar gareji, shagon maigadi da sito, da kuma katanga da get, ko da yake wasu kamfanoni kan cire katanga da get daga diyyar iska da ambaliya, saboda su ne suka fi saurin faɗuwa.

Abin da ba ya ciki shi ne filin da aka yi ginin a kai. Wuta ba ta cin ƙasa, ɓarawo kuma ba ya naɗe ta ya tafi da ita. Bugu da ƙari, a ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, filayen kowace jiha amana ce a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi shi ne izinin mallaka, kuma wannan izini ba ya ƙonewa don gida ya ƙone. Saboda haka ba a yi wa gini inshora a kan farashinsa na kasuwa, sai a kan abin da zai ci a sake gina shi. Gida a Maitama ta Abuja ko Ikoyi ta Legas, mafi yawan tsadarsa ta wurin ce, ba ta siminti da rodi ba. Wanda ya sa farashin sayarwa a takardarsa zai yi ta biyan kuɗin da ba zai taɓa cin moriyarsu ba, domin kamfani ba zai biya fiye da ainihin asarar da aka yi ba. A ɗaya gefen kuma, akwai garuruwan da kuɗin sake ginin ya fi farashin sayar da gidan, kuma a can wanda ya dogara da farashin kasuwa ya tauye kansa ne.

Me ake nufi da kayan cikin gida?

Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce mutum ya tambayi kansa: idan na tashi daga wannan gida gobe, me zan loda a mota? Duk abin da zai loda, kaya ne. Gadaje, katifu, kujeru, darduma, labule, tufafi, kwanuka, talabijin, firiji, fanka ta tsaye, keken ɗinki na amfanin gida, littattafai da kayan abinci, duk sun shiga wannan sashe.

A gidan Bahaushe wannan sashe na da nauyin da mutane da yawa ba sa lissafawa. Kayan ɗakin da aka jera wa amarya, da zannuwan lefe, da gwal ɗin da mace ta tara shekara da shekaru, sau da yawa darajarsu kan kai wani babban kaso na darajar gidan kansa. Kuma a al'ada da shari'a waɗannan kaya na matar ne, ba na mijin ba. Maigidan da ya yi wa gininsa inshora ya tsaya nan, ya kare dukiyarsa ne ya bar ta iyalinsa a sarari. Takardar kayan cikin gida takan haɗa da kayan iyalin da ke zaune tare da mai takardar, amma wajibi ne a sa darajarsu a cikin lissafi tun farko.

Akwai kuma iyakokin da ya kamata a sani. Kamfanoni kan ƙayyade abin da za su biya a kan kowane abu guda mai tsada, da kuma jimlar abin da za su biya a kan kayan ƙawa irin su gwal, agogo da duwatsu masu daraja, sai fa idan an rubuta su ɗaya bayan ɗaya tare da takardar kimantawa. Tsabar kuɗi ko dai a cire su gaba ɗaya ko a sa musu ƙaramar iyaka. Mota na da tata inshorar daban ko da a cikin gareji ta ƙone. Dabbobi da kaji ba a lissafa su a kayan gida. Haka kuma kayan da ake fita da su, kamar wayar hannu, kwamfutar tafi-da-gidanka da sarƙar da mace ta sa zuwa biki, da zarar sun bar gida sun bar inuwar takardar, sai in an ƙara musu sashe na musamman da ke bin su duk inda suka je.

Kayan da ke kan iyaka

Rigima mafi yawa tsakanin kamfani da mai neman diyya a kan kayan da ke tsakiya take tashi. Na'urar sanyaya ɗaki da aka kafe a bango, farantan sola da ke kan rufi, batura da injin juya wutarsu, babban janareto da aka girke a kan siminti, famfon rijiyar burtsatse, tankin ruwa da kwandon tauraron ɗan'adam, duk suna iya faɗawa nan ko can, gwargwadon yadda kowane kamfani ya fassara kalmominsa. A 'yan shekarun nan da mutane suka koma ga sola saboda tsadar man fetur da ƙarancin wuta, waɗannan kaya kaɗai kan lashe miliyoyin Naira. Maganin abin shi ne a ambaci kowannensu da suna a cikin takarda, a kuma nuna sashen da aka sa shi, tun kafin a biya kuɗi.

Har ila yau akwai gyare-gyaren ɗan haya. Sanin kowa ne cewa a biranenmu ɗan haya kan kashe kuɗinsa ya sa tayil, ya sa ƙarafunan taga, ya yi silin na zamani, ko ya raba shago da katako da gilashi. A zahiri waɗannan sun zama jikin gini, amma mai gida bai sa su a lissafinsa ba domin ba shi ya yi su ba, takardar ɗan hayan ta kaya kuma ba ta san da su ba. Idan ba a rubuta su a matsayin gyare-gyaren ɗan haya ba, to, sun faɗa rami tsakanin takardun biyu.

Wa ke da alhakin me?

Wata babbar ƙa'ida ta inshora ita ce, ba ka yi wa abu inshora sai in lalacewarsa za ta jawo maka asarar kuɗi da doka ta amince da ita. Mai gida ba shi da wannan alaƙa da gadon ɗan hayarsa, don haka ba zai iya karɓar diyya a kansa ba ko da ya so. Shi ma ɗan haya, ginin ba nasa ba ne, sai dai in yarjejeniyar haya ta ɗora masa nauyin gyara ko nauyin yin inshorar, abin da ake yawan samu a hayar manyan shaguna, ofisoshi da ɗakunan ajiya na dogon lokaci. Ya kamata kowane ɗan kasuwa ya duba wannan saɗara a takardar hayarsa kafin ya sa hannu.

Masu karɓar bashin gina gida ko na jari, waɗanda suka ba da gida jingina, su ma sukan faɗa wani kuskure. Banki kan tilasta a yi wa gidan inshorar gobara, a kuma rubuta sunansa a takardar. Wannan inshora don kare kuɗin bankin aka yi ta, ta gini ce kawai, kuma idan asara ta auku bankin ne ke gaba wajen karɓa. Ba ruwanta da abin da ke cikin gidan.

Haja ba kayan gida ba ce

Ga 'yan kasuwa, akwai jaka ta uku wadda ta fi sauran haɗari, wato haja. Al'ada ce a garuruwanmu mutum ya mayar da zaure ko ɗaki guda a gidansa ya zama sito, ya jibge dilar atamfa, katan-katan na kayan masarufi ko buhunan hatsi yana jiran farashi. Matan aure da yawa ma a cikin gida suke kasuwancinsu. To, takardar kayan cikin gida ba ta ɗaukar kayan sayarwa. Suna buƙatar tasu takardar gobara da ta sata ta kasuwanci. Fiye da haka, ajiye haja mai yawa ko mai saurin kama wuta a gidan da aka shaida wa kamfani cewa na zama ne kawai, na iya ba kamfanin hujjar ƙin biyan diyyar ginin ma baki ɗaya, domin an sauya yanayin haɗarin ba da saninsa ba. Haka lamarin yake ga mai tara jarkokin fetur fiye da abin da takardarsa ta yarda.

A kasuwanni rabuwar ta fi fitowa fili. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi mummunar gobara a watan Maris na 2016, sannan Kasuwar Monday ta Maiduguri ta ƙone a watan Fabrairu na 2023. A irin waɗannan kasuwanni gine-ginen galibi na hukuma ne, ɗan kasuwa izinin rumfa kawai yake riƙe da shi. Ko da hukuma ta yi wa ginin inshora, ko ta sake gina kasuwar da kuɗinta, abin da za a mayar wa ɗan kasuwa shi ne rumfa wayam. Jarin da ke ciki, wanda sau da yawa bashi ne ko kayan amana na wasu, babu mai mayar masa sai in shi da kansa ya yi masa tanadi. Kayan amana kuwa dole a bayyana su a matsayin haka a cikin takarda, in ba haka ba ba za a lissafa su ba.

Haɗurran da kowace takarda ke ɗauka

Takardar gobara tsurarta abubuwa kaɗan take ɗauka: wuta, tsawa, da fashewar tukunyar gas ta amfanin gida. Ambaliya, guguwa, fashewar bututun ruwa, karon mota, tarzoma, yajin aiki da ɓarnar ganganci, duk ƙari ne da ake nema a kuma biya musu kuɗi. Ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda suka shafi yawancin jihohin ƙasar nan, da ta garin Mokwa a jihar Neja a watan Mayu na 2025, sun isa su nuna cewa takardar da ba ta ambaci ruwa ba rabin takarda ce. Kuma idan an ƙara ambaliya a sashen gini, wannan bai nuna an ƙara ta a sashen kaya ba. Kowanne sai an duba.

Sata ita ce babban abin da ya raba sassan biyu, domin kaya ake sacewa. Nan ma akwai sharaɗi. Takardar sata a bisa al'ada tana biya ne idan an shiga ko an fita da ƙarfi, wato an fasa ƙofa, an ɓalle kwaɗo ko an huda bango. Abin da ya ɓace ba tare da alamar fashi ba, ko wanda ɗan aiki ko wani na cikin gida ya ɗauke, galibi ba ya ciki. Haka nan gidan da aka rufe aka yi doguwar tafiya, yawancin takardu kan dakatar da sashen sata idan kwanakin sun wuce adadin da aka ƙayyade, sai in an sanar da kamfani.

Wani abin lura shi ne wutar lantarki. Idan aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙone talabijin ita kaɗai, yawancin takardun gobara ba sa biyan talabijin ɗin. Amma idan wutar ta tashi daga nan ta kama labule da silin, to, labulen na sashen kaya, silin ɗin na sashen gini, kuma mai takarda guda ɗaya rabin asararsa kawai zai karɓa. Tsufa, tsatsa, gara da rashin gyara kuwa, babu takardar da ke ɗaukarsu, haka ma yaƙi.

Tarkon ƙarancin kimantawa

Ko mutum ya mallaki takardun biyu, akwai sauran tarko guda, wato sharaɗin raba asara. Ma'anarsa ita ce, idan adadin da ka yi inshora a kansa bai kai ainihin darajar dukiyar ba, ana ɗaukarka a matsayin wanda ya riƙe ragowar haɗarin da kansa, kuma za a rage diyyarka daidai da haka. Alal misali, a ce gida zai ci Naira miliyan 40 a sake gina shi, amma mai shi ya yi inshorar miliyan 20. Gobara ta cinye ɓangare guda, aka kimanta ɓarnar miliyan 10. Ba miliyan 10 za a ba shi ba, miliyan 5 ce, domin rabin darajar gidan ya biya wa kuɗi. Haka in kayan gida sun kai miliyan 8, aka rubuta miliyan 6, aka yi asarar miliyan 4, diyyar ba za ta wuce miliyan 3 ba. Daga wannan ma za a cire kason farko na asara, wanda takarda ta ce mai dukiya ne zai ɗauka.

Wannan tarko ya ƙara faɗi tun bayan da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023. Dalar Amurka da ake canzarwa ƙasa da Naira 500 a farashin hukuma a farkon wannan shekara, ta haura Naira 1,500 a 2024. Buhun siminti ya haura Naira 10,000 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na shekarar. Duk wanda ke sabunta takardarsa a kan tsohon adadi shekara bayan shekara, ya san cewa kowace shekara kasonsa na asarar ƙaruwa yake yi. Gini sai a nemi ƙwararren mai kimanta gine-gine ya fitar da kuɗin sake ginawa, haɗe da kuɗin kwashe ɓaraguzai da ladan masu zane da injiniyoyi. Kaya kuwa sai mai gida ya bi ɗaki-ɗaki da alƙalami da takarda.

Ya kamata kuma a tambaya tun farko a kan wane ma'auni za a biya. A wani tsarin ana cire kuɗin tsufa, wato firijin da ya shekara 7 za a biya shi a kan darajarsa ta ranar da ya ƙone. A wani tsarin kuwa ana mayar da sabo a madadin tsoho, amma kuɗin shekararsa ya fi yawa, kuma dole adadin da aka rubuta ya kasance na farashin sabo. Tufafi da zannuwan gado kusan kullum ana cire musu kuɗin tsufa.

Abin da doka ta ce

Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke sa ido a kan wannan sana'a. Dokar Inshora ta 2003 ta wajabta inshora iri biyu da suka shafi gine-gine. Sashe na 64 ya shafi benen da ake kan ginawa mai hawa fiye da biyu, sashe na 65 kuma ya shafi gine-ginen jama'a, waɗanda dokar ta ce sun haɗa da gidajen haya, ɗakunan kwanan ɗalibai, da duk ginin da jama'a ke shiga don neman ilmi, magani, shaƙatawa ko ciniki. Rushewar bene mai hawa 21 a Ikoyi a ranar 1 ga Nuwamba, 2021, wadda ta hallaka mutane fiye da 40, ta sake tayar da maganar rashin bin waɗannan sassa. A 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran masana'antar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003, ta ƙara yawan jarin da ake buƙata daga kamfanoni, ta kuma ci gaba da wajabta inshorar gine-ginen jama'a da waɗanda ake kan ginawa.

To, amma kada ɗan haya ya ruɗu da wannan. Babban manufar inshorar dole ita ce kare mutanen da gini ya cutar, a inda doka ta ɗora laifin a kan mai ginin ko mai riƙe da shi. Idan gobarar daga risho ko kyandir ɗin ɗan hayan kansa ta tashi, ko ɓarayi ne suka kwashe kayan, babu alhakin mai gida a ciki. Babu dokar da ta tilasta wa kowa ya yi wa kayan ɗakinsa inshora. Wannan shawara ce da aka bar wa mai kaya.

Ga masu ƙyamar inshorar da aka saba saboda dalilan addini, NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma tun daga 2016 aka fara ba kamfanoni na musamman lasisi, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. A wannan tsari mahalarta na zuba gudummawa a asusu guda don taimakon wanda asara ta faɗa wa, ba a juya kuɗin a harkar riba, kuma ana iya raba rarar da ta saura. Sai dai ko a takaful, gini daban ne, kaya daban, kuma sharaɗin raba asara na nan.

Ranar neman diyya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gini ko ya ƙone yakan bar shaida, mai kimanta ɓarna zai auna harsashi ya san abin da ke wurin. Kaya kuwa toka suke zama, kuma nauyin tabbatar da cewa sun wanzu a kan mai neman diyya yake. Don haka jerin sunayen kaya, rasiɗai, hotuna da littafin shige da ficen haja, su ne rabin diyyar, kuma bai kamata a ajiye su a cikin ginin da ake tsoron ya ƙone ba.

Idan abu ya auku, a sanar da kamfani nan take, a nemi rahoton 'yan kwana-kwana ko na 'yan sanda, kada kuma a share wurin ko a fara gyara kafin mai kimanta ɓarna ya zo, sai dai abin da zai hana ɓarnar ƙaruwa. A kuma tuna cewa tun daga 1 ga Janairu, 2013 NAICOM ke aiwatar da ƙa'idar nan ta in babu biya babu kariya, saboda haka takardar da ba a biya kuɗinta ba takarda ce kawai. Wanda ya ga an tauye masa haƙƙi na iya kai ƙara ga sashen sauraron koke-koke na hukumar. Yin hulɗa ta hannun dillalin inshora mai rajista na da amfani, domin shi wakilin mai saye ne, kuma daga kamfani yake karɓar la'adarsa.

Har yanzu kuɗin da harkar inshora ke tarawa a Nijeriya bai kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasa ba, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne labaran mutanen da suka biya kuɗi amma ba su sami diyya ba. Akwai kamfanonin da ke da laifin jan ƙafa, babu shakka. Amma akwai kuma waɗanda suka sayi kariyar bango suka zo neman kuɗin kaya. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin lokacin sabunta takarda ya zo, ya kamata kowane mai gida, ɗan haya da ɗan kasuwa ya ɗauko tasa ya duba abubuwa uku: adadin da ke gaban gini, adadin da ke gaban kayan gida, da adadin da ke gaban haja. Duk gurbin da ya tarar babu komai, to, asarar wannan gurbi a wuyansa take.